Dutsen Sarki Harald: Shin Wani Zai Iya Ba da Gaskiya a Madadinka?

Karatu: Yohanna 3:1-8

A garin Yelin na ƙasar Danmak akwai wani babban dutse a harabar majami'a, ya haura shekara 1,000 yana tsaye. Sarki Harald ɗan Gorm, wanda ake yi wa laƙabi da Mai Shuɗin Haƙori, shi ya sa aka sassaƙa shi wajen shekara ta 965. A gefe ɗaya an zana siffar Almasihu da hannuwa a miƙe. Rubutun da ke jikin dutsen kuwa yana shelar cewa sarkin ya mallaki Danmak duka da Norwe, ya kuma mai da mutanen Danmak Kirista. Ya ɗan'uwana mai karatu, dakata a kan wannan magana ta ƙarshe. Shin akwai mai ikon da zai mai da wani Kirista?

Ba da Harald bishara ta fara shiga ƙasar ba. Tun daga shekara ta 826 Ansgar ya soma wa'azi a yankin, aka kuma gina ƙananan majami'u a Hedebi da Ribe, amma yawancin jama'a suka ci gaba da bautar allolin kakanninsu. Marubutan zamanin sun ba da labari cewa Harald ya karɓi baftisma bayan wani malamin ikkilisiya mai suna Poppo ya ɗauki ƙarfe mai zafi a gabansa, hannunsa bai ƙone ba. Sai dai a kudancin iyakarsa akwai Otto na Ɗaya, sarkin Jamus, mai ƙarfin yaƙi, wanda zai iya fakewa da yaɗa addini ya afka wa Danmak. Baftismar Harald ta raba shi da wannan hujja. Ko tsoron Allah ne ya rinjaye shi ko tsoron Otto, wannan sai Mai binciken zukata.

Akwai wani abu da ya fi wannan taɓa zuciya. An binne mahaifinsa Gorm bisa al'adar gargajiya, a cikin wani ƙaton tudun ƙasa. Da masu bincike suka buɗe kabarin, ba su sami gawa ba, amma daga baya sun tarar da ƙasusuwan wani mutum a ƙarƙashin majami'ar da ke kusa. Da yawansu suna ganin Harald ne ya ɗauke mahaifinsa ya kai shi can. Wa zai ga laifin ƙaunar ɗa ga uba? Amma kai ƙashi cikin majami'a ba ya haifar da tuba, haka nan umarnin fada ba ya haifar da ita. Ƙarshen sarkin ma abin lura ne: ɗansa Swen ya tayar masa, aka ji masa rauni, ya mutu a gudun hijira wajen shekara ta 986. Wanda ya ce ya juya zukatan al'umma bai iya riƙe zuciyar ɗan cikinsa ba.

Duk da haka, kada ka yi saurin cewa aikinsa banza ne. Ƙofar da ya buɗe ta ba masu wa'azi damar shiga, zuriya bayan zuriya suka ji Maganar Allah. A shekara ta 1913 wani likita ɗan Danmak, Nils Bronum, ya sauka a Numan, a ƙasar Adamawa, ba takobi ba runduna, daga wannan aikin kuma ikkilisiyar Lutaran ta Najeriya ta tsiro. Ubangiji yakan yi amfani da karkatacciyar niyya ya cika madaidaicin nufinsa. Sarki zai iya share gona, ya kira manoma, amma tsiro daga wurin Allah yake.

To, ina kai? Wataƙila a gidan masu bi aka haife ka, sunanka daga Littafi Mai Tsarki aka ɗauko shi, mahaifinka dattijon ikkilisiya ne. Gode wa Allah saboda wannan gādo. Amma ka tuna, zanen aro ba ya rufe katara. Nikodimu malami ne a Isra'ila, ɗan asali, duk da haka Yesu ya nuna masa cewa sai an sāke haifarsa. In kuma kai uba ne ko uwa, ko mai riƙe da wani iko, koyar da naka, yi musu addu'a, zauna a gabansu da halin kirki, amma kada ka ɗauka biyayyar tilas bangaskiya ce.

Addu'a: Ya Uba, kada ka bar mu mu dogara ga bangaskiyar iyayenmu. Ka ba kowannenmu sabuwar zuciya ta wurin Ruhunka Mai Tsarki, cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.