Ɗigo Uku a Kofin Chapman

A wajen dinar biki a Abuja ko Kaduna, ko a ɗakin cin abinci na babban otal a Legas, idan ma'aikaci ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, me za a kawo?", amsar Musulmin da ba ya shan giya tana bakinsa: "Kawo Chapman." Sai ga shi a ƙaton kofi mai mariƙi, ja wur, ƙanƙara ta cika shi, yankan kokwamba da lemun tsami suna yawo a sama. Alhaji ya sha, Hajiya ta sha, a miƙa wa yara. Kowa ya ɗauke shi a matsayin ƙanin zoɓo.

Yawancin abin da ke ciki babu abin zargi: Fanta, Sprite, jan ruwan zaƙin nan da ake kira giranadin, wani lokaci da Ribena. Amma mai haɗin da ya san aikinsa ba ya miƙa kofin sai ya ɗauko wata 'yar kwalba mai rawayar murfi, wadda takardar jikinta ta yi mata girma, ya girgiza ta sau biyu ko uku a kai. Angostura ke nan, wadda ake kira bitas, kuma daga gare ta ɗan ɗacin nan mai ƙamshi yake fitowa. Wani likita Bajamushe, Johann Siegert, wanda ya yi aiki da rundunar Simón Bolívar, shi ya fara haɗa ta a 1824 a garin Angostura na ƙasar Benezuwela, a matsayin maganin ciki. Daga baya 'ya'yansa suka mayar da sana'ar tsibirin Tirinidad. A jikin takardar an rubuta ƙarfin barasar da ke ciki: kashi 44.7 cikin 100. Yawancin wuski da jin a kashi 40 suke tsayawa.

Sauran abubuwan sha na mashaya ba su da wannan sarƙaƙiya. Mojito na ƙasar Kuba ya ƙunshi giyar ram, na'ana'a, lemun tsami, sukari da soda. A cire ram, an gama magana. Piña colada ma haka, abarba da madarar kwakwa ne za su rage. Shi kuwa Chapman a jerin marasa giya ake rubuta shi tun farko, don haka ba wanda ya ga dalilin tambaya. Wasu wuraren ma har Campari suke ƙarawa, wadda ita giya ce ba ko tantama.

To, ɗigon nan ya haramta kofin?

A fara da lissafi. A ƙaddara an zuba mililita 2 a kofi mai mililita 400. Barasar da ta shiga ba ta kai mililita 1 ba, wato kusan kashi 0.2 cikin 100. Kafin mutum ya tara abin da ke cikin kwalbar giya guda mai mililita 600 da ƙarfin kashi 5, sai ya shanye kofi sama da 30, fiye da lita 13. Cikinsa zai ƙi tun kafin kansa ya juya.

A kan irin wannan lissafi masu sassauci suka kafa hujja. Hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito ya haramta kaɗan daga duk abin da mai yawansa ke sa maye. Malamai irin su Shaihu Ibn Usaimin sun fahimci cewa abin shan da ke gaban mutum ake dubawa: idan an sha shi da yawa, zai bugar? In ba zai bugar ba, kuma barasar ta ɓace a ciki babu alamarta, hadisin bai hau kansa ba. A 2008 Shaihu Yusuf al-Ƙardawi ya ba da fatawa cewa kashi 0.5 da ya samu ta hanyar tsimuwa ta ɗabi'a ba ya haramta abin sha, aka yi ta ce-ce-ku-ce a Ƙatar. Wannan magana ba baƙuwa ba ce ga mai shan kunun zaƙi. Kunun da ya kwana ya fara tsami, tsimuwa ta soma aiki a cikinsa, kuma ba a ji malamin da ya hana shi ba muddin bai kai ga bugarwa ba. Imamu Muslim ya ruwaito cewa ana jiƙa wa Manzon Allah (SAW) zabibi ya sha har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage a bayar ko a zubar.

Sai dai ƙasar Hausa ƙasar Malikiyya ce, kuma littattafan da ake karantawa a zaurukanmu sun bi ta wata ƙofa dabam. A mashahurin zancen mazhaba, abin sha mai sa maye najasa ne. Muhtasar na Shaihu Halil ya bambanta ruwa da sauran abubuwa masu ruwa-ruwa: ruwa mai yawa ba ya lalacewa sai launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya sauya, amma abinci mai ruwa-ruwa, kamar nono ko mai ko miya, najasa kaɗan tana ɓata shi komai yawansa. A wannan ma'auni ba a tambayar kashi nawa ne. Ɗigon ya faɗa, kofin ya tashi daga aiki. Ibn Taimiyya ya saɓa, ya ce hukuncin sauran abubuwa masu ruwa ɗaya ne da na ruwa, kuma tun da can akwai irin su Rabi'a, malamin Imamu Malik, da suka ce giya haramun ce amma ba najasa ba ce. Saɓanin na gaske ne, kuma kowane ɓangare yana da manyan da ya jingina da su.

Wani zai ce ai Angostura ba abin sha ba ce, kayan ƙamshi ce, ɗacinta ma ya isa ya hana a kurɓe ta. Tarihi bai goyi bayansa ba. Lokacin da Amurka ta haramta sayar da giya, daga 1920 zuwa 1933, wani mai mashaya a tsibirin Washington na jihar Wisconsin, Tom Nelsen, ya nemi lasisin sayar da magani, ya ci gaba da zuba wa mutane ita a ƙananan kofuna da sunan maganin ciki. Har yau a wannan mashaya haka ake shan ta zallarta.

Abin da ya fi nauyi a nan shi ne hannun da ya zuba. Tsamin kunu ba wanda ya gayyato shi, kuma ba a iya kauce masa sai a daina dama kunu. Ɗigon Chapman kuwa sai da aka je kanti aka sayi kwalba mai sa maye, aka ajiye ta, aka buɗe da niyya. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida umarni ta yi da a nisanci giya, kuma hadisi ya ambaci masu hannu a cikinta tun daga mai matsa ta har mai ɗauka, mai sayarwa da mai saye. Ko da an karɓi hujjar cewa mai shan kofin bai sha haram ba, wannan ba ta wanke mai haɗawa ba. Fatawar Ƙardawi kanta a kan abin da ya tsimu da kansa ta tsaya. Kuma barin ɗigon ba ya jawo wa kowa wahala, balle a kawo maganar lalura.

Wanda ya sha shekara da shekaru bai sani ba, babu laifi a kansa, kuma bai kamata a tsorata shi ba. Haka wanda ya bi fatawar masu sassauci da saninsa, ba mashayi ba ne, kiran sa da wannan suna zalunci ne. Maganar zama a teburin da ake zagayawa da giya, wadda hadisin Tirmizi ya hana, ita ma tana nan, kuma kofi mai tsabta ba ya warware ta.

Nauyin ya fi hawa kan masu haɗa abin sha na bukukuwa, waɗanda da yawansu mata ne Musulmi masu neman halaliyarsu. Sun koyi haɗin ne daga bidiyon intanet, inda aka ce "sai a ɗiga bitas", ba tare da an faɗi abin da ke cikin kwalbar ba. Su ne ke cika manyan kuloli ga ɗaruruwan baƙi da ba za su tambaya ba, har da yara da tsofaffi masu tsantseni. Ɗacin da suke nema ana samun kusa da shi daga ɓawon lemo da aka dafa da kanumfari, citta da kirfa, a tace a bari ya huce. Wanda kuma ya zauna a otal, kalma huɗu sun ishe shi: "Chapman, ban da bitas."