Agogon Baba: Na Wa Ne, Kuma Nawa Ne?

Mai karatu, in kana cikin masu kallon finafinan Indiya na da, ko masu bin littattafan soyayya, ka san wannan dabarar: uba zai mutu ko ya ɓace, ya bar wa jariri sarƙa ko zobe ko agogo, sai bayan shekara 20 a ga abin a jikin saurayi a gane ko ɗan waye. A fim abin da sauƙi, tunda ɗa ɗaya ne, agogo ɗaya. Darakta ba zai nuna maka ƙannen jarumi mata ba, balle ranar rabon gado. To, a gidajenmu uba yakan bar 'ya'ya goma da agogo ɗaya, kuma galibi kafin a yi sadakar bakwai agogon ya riga ya koma hannun babban ɗa, ba wanda ya ce uffan.

Ɗauki ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo, inda nake so mu tsaya da wannan magana. Manomin fadama da ya sayar da albasa da tafarnuwa ko shinkafa ya je Makka a shekarun 1970, lokacin da Naira ke da ƙarfinta, cikin tsarabar da yakan yi wa kansa har da agogo. Wani Seiko 5 zai ɗauro, wanda kamfanin Seiko na Japan ya fara fitarwa a 1963. Mai ƙarfi kuwa ya sayi Rado, irin DiaStar ɗin nan na ƙasar Siwizalan da ya fito a 1962, mai jikin da ba ya ƙarcewa da sauƙi. Ire-iren waɗannan ba su san batir ba. A cikinsu akwai wani ɗan ƙarfe mai kamar rabin wata da ke juyawa duk lokacin da hannu ya motsa, shi ke ɗaure sifirin, sifirin kuma ya riƙa sakin ƙarfinsa kaɗan-kaɗan. Da yawa daga cikin Seiko 5 suna bugawa sau 6 a daƙiƙa, wato sau 21,600 a awa, fiye da rabin miliyan ke nan a yini. In aka ajiye shi kamar kwana biyu ba a ɗaura ba, sai ya tsaya cak. Shi ya sa agogon mamaci yakan tsaya kwana ɗaya ko biyu bayan mai shi, kuma shi ya sa wanda ya ɗauka ya girgiza, ya ga allura ta ci gaba da tafiya, yakan ji wani abu ya tsaya masa a maƙoshi.

Wannan abin da ya tsaya maka a maƙoshi gaskiya ne, ban raina shi ba. Amma shi ne kuma ƙofar da son zuciya ke shigowa. Za ka ji babban wa yana cewa, "Wanga ai ba abin rabo ba na, tunawa da Baba ta." Wa ya ce? A fiƙihun Malikiyya da muke bi, duk abin da mamaci ya mallaka dukiyar gado ce, daga gona har tabarma, kuma babban ɗa ba shi da wani kaso na musamman don ya riga saura zuwa duniya. In ka ce ai Baba ya taɓa cewa bayan ransa agogon naka ne, wannan wasiyya ce, kuma ba a yi wa magaji wasiyya sai in sauran magada sun yarda. In ka ce kyauta ya ba ka, to sai a tambaye ka ko ka karɓa ka riƙe tun yana da rai da lafiya. Agogon da aka kwance daga hannunsa ranar wanka ba a riga an karɓe shi ba.

Bari mu buga misali da lissafi, don magana ta fito fili. A ce masana sun yi wa agogon kuɗi Naira 80,000, marigayi kuma ya bar mata ɗaya, maza biyu, mata uku, iyayensa sun riga shi rasuwa. Matarsa na da tumuni, 10,000. Saura 70,000 a kasa bakwai: kowane namiji 20,000, kowace mace 10,000. Ka ga kai da ka ɗaura agogon nan kana fita da shi sallar Juma'a, kashi ɗaya cikin huɗu kaɗai ne naka. Sauran ukun da ke ɗaure a hannunka na mahaifiyarka ne da ƙanenka da ƙannenka mata da ke gidajen mazajensu, waɗanda kunya ba za ta bar su su buɗe baki kan agogo ba. Shirun mace a gaban yayanta ba yafewa ba ne. Yafewa ita ce a gaya mata abin da take da shi, da kuɗinsa na gaskiya, sannan ta ce ta bar maka.

Na san za ka ce wai don agogo ɗaya ake wannan dogon turanci? Ai ya danganta da abin da ya rage. Madatsar ruwan Goronyo da aka kammala a kan gulbin Rima a 1984 ta raya noman rani, amma mutanen wannan kwarin ba su manta da ambaliyar 2010 ba, wadda ta ci gidaje da rumbuna da gonaki. Daga baya kuma ga ta'asar 'yan bindiga, wadda ta tashi ƙauyuka a Rabah da Goronyo, har aka kashe mutum fiye da 40 a kasuwar Goronyo cikin Oktoban 2021. Iyalin da ya gudo da kayan jikinsa, abin da ke ɗaure a hannu ko rataye a wuya shi ne gaba ɗayan gadon da ake iya taɓawa. A irin wannan gida, 10,000 ɗin ƙanwarka na iya zama kuɗin maganin ɗanta. Kuma ita ma mahaifinta ne. Ita ma in ta ji ƙarar agogon a kunne, abin da kake ji shi take ji.

Sai batun kuɗin kansa, wanda a nan ma ake cuta ta fuska biyu. Akwai wanda zai rage, ya ce tsohon ƙarfe ne, ko dubu biyu ba zai yi ba, don ya biya 'yan'uwa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Akwai kuma wanda ya ga wani labari a waya ya ɗauka an bar musu taska. Gaskiya ne, a Oktoban 2017 an yi gwanjon agogon Rolex Daytona na ɗan wasan fim ɗin Amurka Paul Newman a New York, ya tashi a kan kusan dala miliyan 17.8. Amma ba ƙarfen aka saya ba, sunan mai shi aka saya, da rubutun da matarsa Joanne Woodward ta sa aka zana a bayansa. Haka nan da a ce yau za a fito da agogon da aka tabbatar Sardauna Ahmadu Bello, ɗan Rabah, ya ɗaura, ba mai tambayar ko yana lati. Baban naka kuwa, Allah ya jiƙansa, kasuwa ba ta san shi ba. Seiko 5 an ƙera su da ɗimbin yawa, ga jabun Rado da suka cika gari tun tuni. Saboda haka kada ka tsaya a kan bakin mutum ɗaya, musamman in shi ne mai son saye. A kai wa masu gyara biyu ko uku a Sakkwato, a buɗe baya a ga inji, a duba lambar da ke jikin murfi, kuma a tafi da wani daga cikin magada. Abin da suka haɗu a kai, shi ne kuɗinsa.

To an kimanta, ka biya kowa ko an yafe maka, agogo ya zama naka halak malak. Yanzu ne tambaya ta biyu ke tasowa, kuma ta fi ta farko daɗin taunawa. Gyara har ina?

Agogon da ya shekara 40 a hannun manomi ya sha wuya. Ruwan alwala sau biyar a yini yana bi ta wajen ɗan maɓallin saiti ya shiga, zufar bazara ta ci robar murfi, ƙurar hunturu ta haɗu da man da ya bushe ta zama kamar yashi tana cin haƙoran inji. Wannan dole a gyara: a warware inji, a wanke, a sa mai, a sauya roba, in sifirin ya gaji a sa wani. Amma mai gyara zai ƙara da cewa, "Alhaji, bari in sauya maka fuska da gilashi da allurai, in goge jikin ya dawo sabo fil." Nan ne ya kamata ka dakata.

Tsoffin Girkawa sun yi wannan gardama. Marubucinsu Plutarch ya ba da labarin jirgin ruwan wani gwarzo, Theseus, wanda mutanen Atina suka adana, duk katakon da ya ruɓe su cire su sa sabo, har masana suka rabu biyu: shin jirgin nan shi ne na da, ko wani ne? Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Gidan ƙasa kullum cikin yaɓe yake, bayan shekara 50 wataƙila ba sauran ƙasar da kakanka ya taɓa da hannunsa a fuskar bango, amma ba wanda ya daina kiransa gidan kaka. Masu zuwa ziyara Wurno, garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi kuma aka rufe shi a 1837, ba shekarun tubalin bango suke zuwa ƙirgawa ba.

Sai dai ni a ganina agogo ya bambanta da gida ta wuri ɗaya. Gida yana da gurbi, ko an rushe an sake ginawa yana nan inda yake. Agogo ba shi da gurbi sai jikinsa. Seiko 5 ɗin babanka da na baban maƙwabcinka daga masana'anta guda suka fito, kamar tagwaye. Abin da ya mai da wannan na babanka shi ne lotsawar da ke gefe, da dusashewar fuska inda rana ta fi bugu, da ramin maɗauri da ya buɗe daidai kaurin hannunsa. In ka goge waɗannan, ka biya kuɗi an cire maka Baba daga cikin agogon, an bar ka da abin da za ka iya saya a kasuwa. Inji kuwa bai taɓa ganinsa ba. A sauya abin da ya mutu a ciki ba a taɓa komai nasa ba, kuma shi da kansa da haka zai yi, domin don ya san lokacin Azahar ya saya. Abin mamaki, masu tara tsoffin agogo a duniya ma a nan suka tsaya: fuska ta asali mai tabo ta fi wadda aka sake wa fenti kuɗi a wurinsu, har suna gargaɗin juna kan tsoffin Seiko da ake yi wa sabon fenti a Indiya ana sayarwa a intanet kamar na asali.

Akwai masu cewa kada a taɓa shi sam, a naɗe a ƙyalle a jefa ƙasan adaka. Ban bi su ba. An yi wa agogo kirari da sarkin aiki, kuma irin wannan da motsin hannu yake rayuwa. Ajiya ba ta hana mai bushewa, ba ta hana tsatsa in damina ta shigo ɗaki. Ƙarshenta jikoki su tsince shi su ba yara wasa. Gilashin da ya tsage har ruwa na shiga, a sauya shi, don shi ke kare fuskar da kake son adanawa. Amma ka ce wa mai gyara duk abin da ya cire ya ƙulle maka a takarda ya ba ka, tsohon gilashi da tsohon maɗauri da sifirin da ya karye. Ta haka ne ma za ka tabbatar bai musanya maka inji da na wani ba. Kuma ranar da za a sake raba gado, wanda a lokacin naka ne za a raba, masu kimantawa za su so su ga me aka sauya da me aka bari, su kuma 'ya'yanka mata za su so a kira su kafin a kwance shi daga hannunka.