ALLURAR GOGE TAMOJIN GOSHI: GYARA CE KO CANJA HALITTA?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a ƙasar Gobir fuska daɗaɗɗen littafi ce. Wanda ya shiga kasuwar Sabon Birni ko ta Isa zai ga dattawa da zanen Gobirawa, shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan, wanda wanzami ya yi musu da aska tun suna jarirai. Zai kuma ga wani zanen a goshinsu, wanda rana da shekaru da tunani suka yi. Yau ga jikokinsu da waya a hannu suna kallon tallar wata allura da ake yi a manyan birane irin su Legas da Abuja, wadda ke shafe tamojin goshi da na tsakanin gira. Tambayar da ta taso ita ce, shin Musulmi yana da iznin shafe abin da shekaru suka rubuta masa a fuska?

Malamai sun ce ba a yanke wa abu hukunci sai an san hakikaninsa. Wannan allura, wadda aka fi sani da Botox, asalinta dafi ne mai tsanani da wata ƙwayar cuta ke fitarwa, irin wadda ke tsira cikin abincin gwangwani da ya lalace. Idan aka tsarma shi ƙwarai aka zuba ɗan kaɗan cikin tsoka, sai ya tare saƙon da jijiya ke aika mata, tsokar ta saki, fatar da ke kanta ta daina tattarewa. Likitocin ido ne suka fara aiki da shi. A 1989 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda a yi maganin harara-garke da ƙiftawar ido marar tsayawa da shi. A 2002 ta yarda da shi domin tamojin tsakanin gira, a 2010 domin matsanancin ciwon kai mai yawan dawowa, a 2017 kuma domin tamojin goshi. Aikinsa wata uku ne zuwa huɗu, sa'an nan tsokar ta farfaɗo, sai an sake biya an sake yi. Yana kuma da haɗari: fatar ido takan faɗo, kuma a 2024 a Amurka, da 2025 a Ingila, an kwantar da mutane a asibiti saboda jabun allura ko hannun wanda bai iya ba.

Tushen maganar a Shari'a yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 119, inda Allah Ya ba da labarin alwashin da Shaiɗan ya sha na umartar 'yan Adam su canja halittar Allah. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu la'antar masu yin jarfa da masu goge haƙori su buɗe wushirya domin neman kyau. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda almajiran ƙasar Hausa ke karantawa a zaure, ita ma ta kawo hanin jarfa da ƙarin gashi.

Amma Shari'ar nan ce kuma ta buɗe ƙofar magani. Sahabi Arfajatu ɗan As'ad an yanke masa hanci a wani yaƙi na zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (S.A.W.) ya umarce shi ya sa na zinariya, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito. Misalin wannan yana nan kusa. A birnin Sakkwato an buɗe asibitin yara masu cutar noma a 1999, cutar da ke cinye leɓe da kunci da hancin yaron da yunwa ta raunana. Likitan da ya ɗinke wa irin wannan yaro fuska har ya iya cin abinci ya shiga cikin tsaransa, ya mayar da halitta mazauninta ne, kuma ana kyautata masa zaton lada. Haka wanda aka yi wa allurar Botox domin idonsa ya daidaita ko ciwon kansa ya lafa, magani ya nema, hukuncinsa hukuncin sauran magunguna ne.

Saboda haka gardamar ta tsaya a kan abu guda: tamojin tsufa aibi ne da ake gyarawa, ko kuwa yana cikin halittar da aka hana taɓawa? Suratur Rum, aya ta 54, ta jera matakan ɗan Adam: rauni, sa'an nan ƙarfi, sa'an nan rauni da furfura. Tsufa ke nan yana cikin tsarin halitta tun fil azal. A kan wannan fahimta ce Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na 18 a Maleshiya a 2007, ta halatta tiyatar gyaran aibi na haihuwa ko na ƙuna da haɗari, ta kuma hana kawar da tamoji ta hanyar tiyata ko allura, sai fa in cuta ce ta kawo shi kuma an amince wa illa.

Akwai waɗansu malamai da suka sassauta, kuma hujjarsu ba abar yarwa ba ce. Imamu Ƙurɗubi, babban malamin tafsiri na mazhabar Malikiyya, ya bayyana cewa hanin ya shafi abin da ke dawwama ne, amma abin da ke gushewa kamar kwalli, Imamu Malik da waninsa sun halatta. Suka ƙara da cewa ran da aka buɗe Makka an kawo Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, kansa fari fat, Annabi (S.A.W.) ya ce a rina furfurar, a dai guji baƙi. Idan an yarda a rufe furfura da lalle, in ji su, me zai hana a kwantar da tamoji na wata huɗu?

Mai lura zai ga bambanci a wurare uku. Na farko, kwalli da lalle a bisa fata da gashi suke zama, ita kuwa allura tana shiga ciki ta dakatar da aikin tsoka mai lafiya, ga haɗarin dafi a kai. Na biyu, kowa ya ga jan gemu ya san lalle ne, ba wanda aka ruɗa. Goshin da aka goge kuwa yana iya ɓoye shekaru ga mai neman aure ko wadda ake nema, yaudara kuwa haramun ce a ciniki balle a aure. Na uku, abin da za a riƙa maimaitawa sau uku a shekara har ƙarshen rai ya kusa zama dawwamamme, ga kuma kuɗin da yake ci. Don haka maganar hani ta fi ƙarfi ga mai tsufa na al'ada. Wanda kuwa fatarsa ta yamutse tun yana matashi saboda cuta, har abin ya zame masa abin kunya cikin mutane, yana da sauƙi idan ƙwararren likita ya tabbatar.

Adalci kuma ya wajabta a auna al'adar gida da mudun da aka auna baƙuwa. Zanen wanzami ya fi allura dawwama, kuma jariri ake yi wa, wanda ba a nemi yardarsa ba. Muslim ya ruwaito daga Jabir hanin yi wa ko da dabba lalas a fuska. Dokar kare haƙƙin yara ta Nijeriya ta 2003 ita ma ta hana tsaga fatar yaro. Wanda ya soki allura alhali yana kiran wanzami ya zana jaririnsa, ya bar jaki yana dukan taiki. Amma dattijon da ke ɗauke da zanensa ba shi da laifin kome, domin ba shi ya yi wa kansa ba, kuma Suratul Hujurati ta hana izgili da jifa da laƙabi.

Sauran abu guda, watau ma'anar tamojin kansa. Mutanen Isa da Sabon Birni sun ga tashin hankalin 'yan bindiga: a Disamba 2021 an ƙone matafiya cikin mota a wannan yanki, a Agusta 2024 kuma aka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, a hannun waɗanda suka sace shi. Goshin uwar da ta kwana tana jiran labarin ɗanta shaida ne, kuma haƙƙinsa a kan mai wadata shi ne ya karanta shi ya kai agaji. Kuɗin da za a kashe wajen goge goshi ɗaya zai iya sassauta goshin marayu da yawa.

Shi kuwa ɗaurin fuska, Alƙur'ani ya nuna inda maganinsa yake. A farkon Suratu Abasa Allah Ya yi wa Fiyayyen Halitta gyara saboda ya haɗe fuska lokacin da Abdullahi ɗan Ummu Maktum ya zo masa, alhali Abdullahi makaho ne, bai ga fuskar ba. Wannan ya nuna abin da ake dubawa shi ne abin da ya motsa a zuci. Allura tana iya hana gira haɗuwa, zuciyar da ta ƙuntata kuwa tana nan yadda take. Tirmizi ya ruwaito cewa murmushi ga ɗan'uwa sadaka ne. Wannan gyaran fuska ne da talaka da mai kuɗi, yaro da tsoho, duk suke da ikon yi.

Allah Ya kawo zaman lafiya ƙasar Gobir da Nijeriya baki ɗaya, Ya sa tsufan bayinSa ya zo cikin imani da mutunci. Allah ne Mafi sani.