Ƙugiyar da Ake Ɗana wa Uba

Mun saba cewa kwaɗayi ne ke kai kifi ga ƙugiya. Masunci ya soka tana, kifi ya hango abinci, ya haɗiye, shi ke nan. Shi ya sa ba a cika jin tausayin kifi ba: cikinsa ne ya ja masa, har mukan buga misali da shi ga mutumin da haɗama ta kai ta baro. To amma akwai wani irin su da ake yi a tafkunan Amurka wanda babu ruwansa da yunwar kifi. Abin da ake ɗana wa tarko a can shi ne tsayuwar uba a kan ƴaƴansa. A nan nake so mu dakata, mai karatu, domin tambayar da ke ciki ta wuce kifi: ya halatta ka ci galabar wani ta hanyar halinsa mafi kyau?

Kifin da ake magana Amurkawa na ce masa bas, kada wani ya ɗauka motar fasinja nake nufi. Kore ne mai duhu-duhu, da baƙin zane a gefe, da wagegen baki wanda in ya girma dunƙulen hannu na iya shiga. Cikin kifayen ruwan daɗi babu wanda ake bi don wasa a ƙasar kamarsa. A 1967 wani mai sayar da inshora, Ray Scott, ya shirya gasar kamunsa a tafkin Beaver na jihar Arkansas, shekara ta zagayo ya kafa ƙungiyar B.A.S.S. Yau wanda ya lashe babbar gasarta, Bassmaster Classic, dala dubu 300 yake komawa da su gida.

Idan hunturu ya janye, ruwa ya fara ɗumi ya kai wajen digiri 15 zuwa 18, namijin yakan baro zurfi ya matso gaɓa, inda ruwa bai wuce gwiwa zuwa ƙirjin mutum ba. A Florida tun Janairu ko Fabrairu ake fara ganin haka, can arewa wajen Kanada kuwa sai Mayu ko Yuni. Zai sami wuri mai tsakuwa ko rairayi kusa da kututture, ya dinga share shi da wutsiya har ya yi lotsi kamar faranti. Wani har wutsiyar takan goge ta yi ja. Mace ta zo ta zuba ƙwai dubbai, ta ɗan yi shawagi a kusa, ta kama gabanta. Daga nan aiki ya koma kansa shi kaɗai. Yana fifita ƙwan da fikafikansa don kada laka ta binne su, yana korar duk abin da ya matso. Ƙwan sukan ƙyanƙyashe cikin ƴan kwanaki, amma yakan ci gaba da kiwon ƴaƴan, wani lokaci har makonni. Duk tsawon wannan zama da ƙyar yake cin wani abu. Ramewa yake yi.

To kifin da ba ya ci, da me za ka yaudare shi? Nan ne gwanintar masuntan take, kuma ba zan ɓoye ba, gwaninta ce ta gaske. Mutum zai tsaya a goshin jirgi da tabarau masu kashe ƙyallin ruwa, yana tafiya a hankali da ƙaramin injin lantarki marar ƙara, yana duban ƙasan ruwa har ya hango wani farin tabo. Sheƙa ke nan. Zai lura: in kifin ya tsorata ya tsere bai dawo da wuri ba, ɓata lokaci ne, sai a wuce. In kuwa ya ɗan kauce ya juyo nan take, an sami mai kamuwa. Ka ga tun daga zaɓen farko, wanda ya fi riƙon amanar gidansa shi ake nema.

Koton ma ba tana ba ce. Roba ce mai laushi da aka ƙera da siffar ɓarayin ƙwai: ƙadangaren ruwa, jatan lande, ko wani ƙaramin kifi mai faɗi kamar karfasa wanda ya shahara da wawashe sheƙa. Da yawa sun fi son fara tas, saboda mai sandar ya riƙa ganinta a ƙasan ruwa, ya san daidai lokacin da ta ɓace a bakin kifi. Ana jefa ta can bayan sheƙar, a janyo a hankali har tsakiya, a bar ta kai a ƙasa kamar mai tsattsagar ƙwai, ana ɗan girgiza igiyar. Kifin zai zagaya, ya buɗe kunnuwa, ya sunkuyar da kai yana kallonta, ya hura mata ruwa. In ta ƙi tafiya, sai ya ɗauke ta da leɓe ta wajen wutsiya, ya kai gefe ya tofar. Shara yake yi. Saboda haka ne masuntan ke datse wutsiyar robar, don duk inda ya kama ya haɗa da ƙugiya. Mutum na iya shafe awa guda ko fiye a kan kifi ɗaya, yana jefawa yana janyewa, har haƙurin mai gidan ya ƙare. Wasu kuma sukan fara cire namijin ne kawai don macen, wadda ta fi nauyi a sikeli, ta matso.

Akwai wata ƙa'ida a wasan da ta daɗe tana ba ni mamaki. Dole kifi ya ɗauki ƙugiya da bakinsa. In ta soke shi a jiki, ba a lissafa shi. Ranar 20 ga Maris 2006, a ƙaramin tafkin Dixon da ke kusa da San Diego a jihar Kalifoniya, wani mai suna Mac Weakley ya fito da wata mace daga kan sheƙarta, nauyinta ya haura kilo 11. Tun 1932 duniya ke jiran wanda zai karya tarihin George Perry, wanda ya kama mai kilo 10 da ɗan ɗoriya a jihar Jojiya. Ga ta a hannu, amma ƙugiyar a gefen jikinta ta shiga. Aka ɗauki hoto, aka mayar da ita ruwa. Dottie suke ce mata, saboda wani baƙin ɗigo a ƙasan kunnenta. A Mayun 2008 aka tsince ta tana yawo a kan ruwa, matacciya. Manufar ƙa'idar ita ce kifi ya zo da kansa, a ce da yardarsa aka yi. Sai dai wace irin yarda ce ga wanda aka yi awa guda ana zungurar ƙwansa? In ka tsaya a ƙofar gidan mutum kana jan rigar ɗansa har ya fito ya kai maka duka, kotu na iya cewa shi ya fara ɗaga hannu. Unguwa ta san wanda ya fara.

Masu yin wannan su suna da amsa, kuma bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Suna cewa: ai ba ma kashewa. Tun 1972 ƙungiyar Ray Scott ta fara yekuwar a riƙa mayar da kifi ruwa da ransa, yau kuwa hakan ya zama al'ada. Suna cewa mace ɗaya na zuba ƙwai dubbai, mafi yawansu ko an taɓa ko ba a taɓa ba ba za su kai shekara ba. Abin da ke ƙayyade yawan kifi shi ne ciyawar ruwa, da abinci, da yanayi. Binciken da aka yi a Florida ma ya goya musu baya: kamun kan sheƙa bai rage yawan ƙananan kifin da suka rayu ba ta yadda za a damu. Suna kuma cewa doka ta yarda a mafi yawan jihohin kudu. Duk wannan gaskiya ne.

Amma sakin uba bai mayar da abin da ya faru a bayan idonsa ba. A tafkin Erie, inda ɗan'uwansa mai ƙaramin baki ke sheƙa, akwai wani ɗan kifi baƙo mai suna gobi, wanda jiragen dakon kaya suka kwaso daga yankin Baƙin Teku, aka fara ganinsa a can a 1993. Da zarar an ɗaga uban sama, sai su auka wa ƙwan. Kafin a cire ƙugiya, a ɗauki hoto, a yi dariya, an riga an yi ɓarna. A gasa kuwa abin ya fi muni: a tsarin da aka saba, ana zuba kifaye biyar mafi nauyi a tankin jirgi, a kai su wurin awo mai nisan kilomitoci, a sake su a can. Wannan uban yana raye, lissafi ya nuna ba a kashe kowa ba, gidansa kuwa ya zama kango. Shi ya sa wasu yankunan lardin Ontario na Kanada ke rufe kamunsa har zuwa Yuni, wasu gasannin kuma suka koma auna kifi a cikin jirgi a sake shi nan take.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gwajin tafkin Ridge a jihar Illinois, wanda masanin kifi David Philipp da abokan aikinsa suka shafe shekaru suna yi. Duk kifin da aka kama sai a yi masa alama a sake shi. A 1980 aka zuƙe tafkin, aka ware waɗanda suka sha kamuwa da waɗanda ba su taɓa kamuwa ba, kowane rukuni ya hayayyafa a tafkinsa har tsatso uku. Sakamakon da aka buga a 2009 ya nuna saurin kamuwa gado ne. Wani bincike da ya biyo baya a 2012 ya ƙara da cewa mazan da suka fi saurin kamuwa su ne suka fi tsare sheƙa, suka fi fifita ƙwai, suka fi barin ƴaƴa in an ƙyale su. Wato kowace shekara ƙugiya na tsince iyayen kirki, tana barin masu gudu su bar ƙwai. In aka daɗe a haka, tafki zai cika da jikokin waɗanda ba su damu ba.

Nan ne nake ganin maganar ta shafe mu. Ɗan damfarar da ya yi maka alkawarin ninka kuɗi, kwaɗayinka ya kama, kuma in ka faɗa, da ɗan laifinka a ciki. Amma wanda ya bugo wa tsohuwa waya da tsakar dare ya ce ɗanta na kwance a asibiti, a turo kuɗi yanzu-yanzu, me ya kama? Mai satar yaro don kuɗin fansa, a kan me ya dogara? Ya san uban da ba ruwansa da ɗansa ba zai sayar da gona ba. Jarinsa shi ne ƙaunar da ke gidan. Kowa a cikinmu na jin cewa wannan ya fi wancan ƙazanta, ko da kuɗin da aka ci daidai suke. Dalili kuwa, bayan kuɗin akwai darasin da aka bari: nan gaba in an kira ka cikin dare, kada ka yi saurin tashi. Ba ina cewa mai sandar fatsa a Tekzas daidai yake da mai garkuwa da mutane ba. Kifi kifi ne. Siffar dabarar ce ɗaya, kuma mutumin da ya saba jin daɗin irin wannan nasara ya kamata ya tambayi kansa me yake koya wa zuciyarsa.

Wani zai ce: to ku da kuke cin kifi fa? Masuncin da ya jefa koma a Kogin Kwara ko Tafkin Chadi ai kashewa yake yi ɗungurungum, yaya za a zargi wanda ya saki? Ni a ganina uzurin mai ci ya fi ƙarfi. Shi ma uba ne, shi ma akwai bakunan da ke jiransa, rai ne ya shiga rai. Wanda ya tayar da hankalin gida guda don hoto da nauyin sikeli, ba shi da yunwar da zai nuna. Kuma ko a wajenmu masu ruwa sun san akwai lokacin ɗaga hannu: Matan Fada a Argungu a rufe take ga masu su har ranar biki.

Japan ta nuna ɗaya fuskar. An kai bas can a 1925, ya yaɗu, ya cinye ƙananan kifayen ƙasar. A tafkin Biwa, inda Manabu Kurita ya kama wanda ya yi kunnen doki da na Perry a 2009, hukumar lardin Shiga ta hana mayar da shi ruwa tun 2003. Akwatuna aka ajiye a gaɓa don a zuba shi. A tafkin Izunuma kuwa farantan roba ake cikawa da tsakuwa a nutsar, namiji ya ɗauka ya sami gida, sai a kwashe ƙwan a kama mai gadin. Su suna da dalilin da za su faɗa: ceton kifayen da suka riga shi zama. Amma a lura, masu son ƙarar da shi gaba ɗaya, da suka duba ta inda za su fi cutar da shi, sheƙar suka nufa.

Masuntan Amurka da yawa sun daina da kansu, babu dokar da ta tilasta su. Sukan tsaya a zurfi su nemi kifin da bai hau sheƙa ba tukuna, ko wanda ya gama ya sauko yana neman abinci da gaske. Wasu kuma suna nan a gaɓa. Sun san in aka saki namijin a kusa, yawanci kafin a jima ya koma kan ƙwansa, da hujin ƙugiya a leɓe, ya ci gaba da fifita. Sun kuma san in aka ɗan ba shi lokaci aka sake jefa masa robar, sau da yawa zai sake ɗauka.