Ƙaddara Ce Ko Haƙƙin Wani?

A shekarar 2017, a gundumar Yavatmal ta jihar Maharashtra a Indiya, auduga ta yi tsayi fiye da yadda aka saba. Masu feshi, da yawansu 'yan ƙodago, sai da suka riƙa ɗaga bakin famfo sama da kawunansu, maganin yana sauko musu a fuska da ƙirji. Ga zafi, ga gumi, babu takunkumi, babu safar hannu. Mutum fiye da 20 suka rasu, ɗaruruwa suka kwanta asibiti.

Da a gonakin Kadawa abin ya faru, an san abin da za a ji a zaman makoki: kwana ne ya ƙare. Babu musulmin da zai musa. Sai dai addinin da ya koyar da cewa ajali rubutacce ne, shi ne kuma ya wajabta diyya a kisan kuskure. Da Sayyidina Umar ya ji labarin annoba a hanyarsa ta zuwa Sham, juyawa ya yi da jama'arsa. Da aka ce masa gudun ƙaddara yake yi, ya nuna cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take.

Gubar kuwa ba a ɓoye take aikinta ba. Dichlorvos, wanda ke cikin Sniper, yana shiga ta fata da numfashi, ya hana jijiyoyi hutawa: yawu ya yi ta zuba, ƙwayar ido ta tsuke, amai ya biyo baya, numfashi ya yi wuya. Paraquat, maganin ciyawa, huhu yake ci, kuma ba shi da makari. Tun 2007 aka haramta shi a Tarayyar Turai. Nonon da mai feshi ke sha bayan aiki don wanke ciki ba ya karya ko ɗaya daga cikinsu.

To wa ya san wannan? Kamfani ya sani, shi ya buga gargaɗin da Turanci a jikin kwalba. Dillali ya sani, ko ya kamata ya sani, amma yakan tsiyaya maganin a tsohuwar gorar ruwa marar rubutu ya miƙa. A fiƙihu, ɓoye aibin kaya algus ne, balle aibin da ke kisa. Mai gona ma ya sani. Shi ya sa yake tsayawa can nesa, inda iska ba ta kaɗo masa, yaron da ya ɗauka aiki kuwa yana goye da tanki mai yoyo. Nauyi mafi girma a wuyan mai gonar yake, don shi ya sayi maganin, shi ya zaɓi a yi feshin da tsakar rana, kuma wanda ya iya sayen katan na magani bai rasa kuɗin takalmin roba ba. (A 2015 Turai ta dakatar da shigar da waken Najeriya saboda dichlorvos. An yi ta maganar kasuwa, ba a cika tuna hannun da ya zuba maganin ba.)

Ɗan ƙodagon ma yana da nasa kason, tunda jikinsa amana ne: busa toshewar famfo da baki, cin goro ba a wanke hannu ba, kwana da rigar feshi. Amma zaɓinsa ƙanƙane ne. Idan ya ce sai an ba shi takunkumi, akwai wasu a bakin kasuwa da za su ɗauki tankin ba tare da sun tambaya ba.