Kogin da Aka Ce An Gano

Karatun yau: Farawa, sura 12.

Tun da asuba motoci suka fara ratsa Sunkani, wasu sun nufi Jalingo, wasu Wukari. Direba ya san kowane rami a kan kwaltar nan, yana kauce masa yana hira da yaron mota. Baƙon da ke kujerar baya kuwa wuyansa har ya ƙage don leƙe.

Haka abin yake a ruwa ma: a 1854 wani jirgin ruwa mai tururi, Pleiad, ya hau kogin Binuwai. Wanda aka naɗa ya ja tafiyar, John Beecroft, ya rasu tun ba a shiga kogi ba, sai nauyin ya faɗo kan likitan ayarin, William Baikie. Samuel Ajayi Crowther, wanda daga baya ya zama bishop, yana cikinsu. Kullum suna shan kwinin saboda zazzaɓi. Su jefa igiya su auna zurfin ruwa, su matsa kaɗan, su tsaya saran itacen da za a hura wutar jirgi. Da haka suka iso ƙasar Muri tamu, suka juya ba su rasa mutum ko ɗaya ba. A Ingila aka yi ta yayata cewa an gano sabon wuri.

Wannan magana takan ba ni dariya. Masuncin Jukun da ya gaji kwalekwale daga kakansa, me aka gano masa? Ya san inda yashi yake kwance, ya san gurbin dorina, ya san watan da ruwa ke janyewa. Baƙon ne bai sani ba, kuma da ɗan gari akan ci gari: sai da ya tambaya.

A karatun yau, Ibrahim yana da shekara 75 lokacin da Ubangiji ya ce ya bar Haran, ya bar danginsa. Ba a ba shi taswira ba. Ko sunan ƙasar ba a faɗa masa a wurin kiran ba, an dai yi alkawarin nuna masa. Ya ɗaure kaya, ya ɗauki Saratu da Lutu, ya kama hanya. Kan'ana baƙuwa ce gare shi, amma ga wanda ya kira shi, babu rijiya ko dutse a cikinta da ba aikin hannunsa ba.

Yinin yau ma ba ka taɓa taka shi ba, ɗan'uwa. Wataƙila sakamakon asibiti kake jira, ko yarinyarka za ta tafi karatu garin da ba ka san kowa ba, ko ruwan bana ya ƙi zama ga shinkafa a fadama. Kana ta jefa igiya ba ka taɓa ƙasa ba.

Kafin ka sa takalmi, durƙusa ka faɗa wa Mai Kogin inda kake jin tsoro, ka ambaci wurin da sunansa. Sannan ka tashi, kada mota ta bar ka.