Dattijo a Fagen Tsere: Wauta Ce, Ko Hikima?

A ƙasarmu idan aka hangi dattijo mai furfura ya sheƙa a guje a kan hanya, abin da kowa zai fara tambaya shi ne, "Lafiya? Me ya koro Baba?" Gama a wurinmu gudu na yara ne da samari. Shi babba an san shi da tafiya a natse, da magana a hankali, da zama a inuwa ana kawo masa ƙara yana sasantawa. Amma a ƙasashe irin su Ingila, da Kanada, da Afirka ta Kudu, akwai ɗimbin maza da mata masu shekara 60, da 70, har da 80, waɗanda suka shiga ƙananan ƙungiyoyin gudu na unguwanninsu. Suna biyan kuɗin ƙungiya, suna sa rigarta, suna fita horo tun da asuba, ranar gasa kuma su ja layi su yi tseren kilomita 10, ko 21, ko ma cikakken gudun famfalaki na kilomita 42 da 'yan kai. Da gaske suke yi, kowannensu so yake ya riga na kusa da shi. Tambayar da ya kamata mu yi nazari a kanta ita ce: shin ya dace mutumin da ya manyanta ya ci gaba da neman tsere wa ɗan'uwansa, ko kuwa wannan ƙin yarda da tsufa ne kawai?

Yadda aka tsara abin

A shekara ta 1975 aka yi gasar duniya ta farko ta manyan 'yan wasan guje-guje da tsalle-tsalle a birnin Toronto na Kanada, a 1977 kuma aka kafa hukumar da ke kula da ita a ƙasar Suwidin. Yau ana kiran hukumar World Masters Athletics. Daga shekara 35 zuwa sama ake shiga, an kuma raba mutane rukuni-rukuni na shekara biyar-biyar, wato mai shekara 72 abokan karawarsa su ne 'yan 70 zuwa 74. A ƙananan gasanni na gari, yaro da babba sukan tashi tare, amma idan sakamako ya fito sai a nuna matsayin kowa a cikin sa'o'insa. Har ma akwai jadawalin lissafi da ake auna lokacin mutum da shi bisa ga shekarunsa, domin a san ko tsohuwa mai shekara 75 ta fi saurayi mai 25 ƙoƙari, ko da ya riga ta isowa da rabin awa.

Abin da masu suka ke cewa

Masu sukar wannan al'ada suna da hujja, bai kamata a raina ta ba. Suna cewa kowane lokaci na rayuwa da aikinsa. Ƙuruciya ita ce ta nuna ƙarfi, tsufa kuwa na ba da shawara ne da shirin komawa ga Mahalicci. Dattijon da ke haki yana zufa domin ya sami 'yar lambar yabo, in ji su, ya zubar da dattakonsa, ya zama kamar mai shafa wa furfura shuni don a ce shi yaro ne. Suna ƙarawa da cewa idan lafiya ake nema, tattaki ya isa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, ba ta ce sai an yi gasa ba. To, me ya kawo agogo, da layin ƙarshe, da lissafin wane ne na ɗaya?

Agogo ba ya yi wa kowa kara

Amsar farko tana cikin agogon nan da ake suka. Mu ɗauki misalin Ed Whitlock, wanda aka haifa a Ingila a 1931, ya koma Kanada da zama yana aikin injiniyan haƙar ma'adinai. Yana da shekara 48 ya yi gudun famfalaki cikin awa 2 da minti 31. A 2003 ya zama mutum na farko da ya haura shekara 70 ya kuma ƙare wannan nisa ƙasa da awa 3. A 2004, yana da 73, ya yi awa 2 da minti 54. Yana da 80 ya yi awa 3 da minti 15. A watan Oktoba na 2016, yana da 85, ya yi awa 3 da minti 56 a Toronto, sannan ya rasu a watan Maris na 2017.

Duniya ta yi mamakin saurinsa, amma bari mu karanta waɗannan alƙaluma ta wata fuska. Tsakanin shekara 73 da 85, agogo ya ƙara masa fiye da awa guda a kan nisa iri ɗaya. Duk lokacin da ya tsaya a layin tashi, ya san cewa za a rubuta raguwar ƙarfinsa a takarda kowa ya gani. Mai son ɓoye tsufansa ba ya zuwa inda za a tambaye shi ranar haihuwarsa, a manna masa lamba a ƙirji, a kuma auna shi da daƙiƙa. Wanda ke zaune a gida yana ba jikoki labarin irin ƙarfin da yake da shi a dā, yana iya ruɗin kansa cewa har yanzu yana nan yadda yake. Mai tsere ba shi da wannan mafaka. Bugun zuciya mafi sauri da mutum zai iya kaiwa yana raguwa shekara bayan shekara, tsoka tana zaizayewa, rauni yana daɗewa bai warke ba, shi kuwa yana ganin duk wannan a agogonsa kowane mako.

Wani abin lura kuma shi ne inda Whitlock yake yin horonsa. A maƙabartar da ke kusa da gidansa a garin Milton yake zagayawa, wani lokaci har tsawon awa uku, a tsakanin kaburbura. Da wuya a ce mutumin da ke wuce duwatsun kabari kowace safiya ya manta da inda tafiyar za ta ƙare.

Amfanin abokin karawa

Saura tambaya ta biyu: don me sai an yi gasa? Dalili shi ne, ɗan Adam ba ya sanin iyakar abin da zai iya sai wani ya ja shi. Mai gudu shi kaɗai da zarar ya ji gajiya sai ya sassauta. Amma idan tsaransa da suka yi shekara ashirin suna karawa yana taku goma a gabansa, sai ya tarar da sauran ƙarfin da bai san yana da shi ba. Ta haka abokin hamayya ya zama mai taimako, domin ya fitar masa da abin da ke ɓoye a cikinsa. Shi ya sa a rukunin masu shekara 70 da 80, rasuwar abokin karawa takan zama rashi mai zafi ga wanda ya rage, ko da yake hanyar zama na ɗaya ta buɗe masa.

Ƙungiyoyin unguwa sun daɗe da gane wannan. Tsofaffin ƙungiyoyin Landan, irin su Ranelagh Harriers da aka kafa a 1881, suna da wata karawa tsakaninsu wadda ake lissafa matsayin kusan kowane ɗan ƙungiya da ya ƙare gudun. Tsohon da ya zo na hamsin, idan ya daure ya wuce mutum guda na ɗaya ɓangaren, ya ƙara wa ƙungiyarsa wani abu. Akwai kuma tseren da ake fara sakin mafi nawa, a saki mafi sauri daga ƙarshe, bisa lissafin da zai sa kowa ya iso kusan lokaci guda. A irin wannan rana kaka tana iya lashe kofi a gaban zakaran ƙungiya. Wannan tsari yana faɗa wa tsoho abin da yake marmarin ji, wato har yanzu ana lissafi da shi.

Fauja Singh, wani manomi daga Punjab a Indiya, ya koma gabashin Landan wurin ɗansa cikin baƙin ciki, bayan rasuwar matarsa da wani ɗan nasa. Gudu ne ya fitar da shi daga ɗaki ya haɗa shi da jama'a. Ya yi gudun famfalaki na Landan a 2000, fasfonsa na nuna shekara 89, ya kuma ƙare na Toronto a 2011 cikin fiye da awa 8, fasfon na nuna 100. Ya kasance jigo a ƙungiyar gudu ta Sikhs in the City, ya rasu a 2025. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Inda haɗarin yake

Duk da haka, kada mu ce masu suka ba su hango kome ba. Furfura ba ta kashe girman kai. An sha dakatar da 'yan wasa masu manyan shekaru saboda shan ƙwayoyin ƙara kuzari, shi ya sa hukumomi ke gwada su, suna kuma neman takardar shaidar shekaru. Wanda ya yi maguɗi don ya ci tseren tsofaffi ya ɓata abu guda da ya ba tseren daraja, wato gaskiya. Haka ma wanda ya ƙi jin maganar likita yana gudu da ciwon ƙirji, ya manta cewa ransa amana ne, kuma iyalinsa suna da hakki a kansa. Wanda ya bar matarsa marar lafiya ita kaɗai don kada ya rasa horo, ya mai da abu mai kyau gunki.

Ma'aunin da za a gane bambanci da shi mai sauƙi ne. A dubi fuskar mutum ranar da aka wuce shi. Idan ya iya miƙa wa wanda ya riga shi hannu da farin ciki, ya karɓi lokacinsa na bana wanda ya gaza na bara ba tare da ɗaci ba, sa'an nan ya tsaya a bakin layi yana tafa wa na ƙarshe, to gudun yana gina halinsa, dattakonsa kuma bai ragu ba. Idan kuwa ya koma gida da hassada da neman uzuri, to ko ya tara lambobin yabo, bai ƙaru da kome ba.

Darasi a gare mu

Manzo Bulus ya san fagen tsere, gama ana yin manyan wasanni kusa da birnin Koranti kowace shekara biyu. A wasiƙarsa ta fari zuwa ga mutanen wannan birni, ya ɗauki masu gudu misalin horon kai. A wasiƙa ta biyu zuwa ga Timoti kuwa, sa'ad da ƙarshensa ya kusato, abin da ya yi farin ciki da shi shi ne ya kai ƙarshen tserensa, bai ambaci wani da ya riga ba. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ma, da ya rubuta wasiƙa zuwa ga tsofaffi a 1999, yana da shekara 79 ne, ya rubuta a matsayin ɗaya daga cikinsu, ya kuma ci gaba da aiki a bainar jama'a jikinsa na rawa, bai ɓoye rauninsa ba.

Ba kowane dattijo ne zai ɗaura takalmin gudu ba, ba ma a bukaci haka ba. Amma kowannenmu zai kai lokacin da abin da yake yi cikin awa guda zai ɗauke shi awa biyu, ko a gona, ko a kasuwa, ko a kujerar mawaƙa. A ranar nan akwai jarabobi guda biyu: mutum ya yi musun raguwarsa, ko kuwa ya yi fushi ya janye gaba ɗaya. Tsofaffin masu tsere sun nuna hanya ta uku, wato mutum ya yarda da ma'auninsa na yau, ya kuma ba da shi duka. Mu kuma matasa da shugabannin ƙungiyoyi, sai mu tambayi kanmu ko mun bar wa iyayenmu wurin da ƙoƙarinsu zai shiga lissafi, ko kuwa mun ba su kujerar gaba ne kawai don su yi shiru. Allah ya ba mu tsufa mai albarka, ya sa mu gama lafiya. Amin.